Muhawara: An sakar wa kasuwar wutar lantarki mara, to me mai masana'anta a Kano da Kaduna ya samu?

Akantan Bompai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da kullum ake yin ta sama-sama, ina so yau mu zauna mu yi mata filla-filla. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 gwamnati ta miƙa 10 daga cikin kamfanonin rarraba wuta 11 (na Kaduna sai a Disamban 2014) da wasu tashoshin samar da wuta ga 'yan kasuwa, aka ce gasa za ta kawo wuta da sauƙi. A Afrilun 2024 NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga kuɗin wutar Rukunin A, wato layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka rage, ya zo ya tsaya a naira 209.5.

Ku ɗauki kamfanin cashe shinkafa mai jan kilowat 500, yana aiki awa 16 a rana, kwana 26 a wata. Yunit 208,000 ke nan. A tsohon farashi kuɗinsa naira miliyan 14 da 'yan kai. A sabon farashi naira miliyan 43.6, kafin a ɗora harajin VAT na kashi 7.5. Tambayata ita ce: ina gasar da aka yi alkawari? Wannan mai kamfanin zai iya cewa ya bar KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, ya koma wurin wani?

Injiniyan Sharada:
Wa alaikumus salam. Akanta, lissafinka daidai ne a takarda, amma ka ɗauka cewa da can kamfanin yana samun awa 16 ɗin nan duka daga layi. Ba a nan ake gane tsadar wuta ba. Abin da mai masana'anta zai duba shi ne kuɗin yunit ɗaya idan an gauraya na layi da na janareta.

Janaretan dizal mai lafiya, idan yana ɗauke da kashi 70 zuwa 80 na ƙarfinsa, lita ɗaya tana ba da yunit 3 zuwa 3.5. A ce lita naira 1,200, mai kaɗai ya kai wajen naira 360 a yunit. Ka sa baƙin mai da filta da albashin mai kula da inji da ajiyar kuɗin babban gyara, ka kai naira 400 ba tare da ƙari ba.

Yanzu ka gwada uku. Da can, awa 6 na layi a naira 68 da awa 10 na janareta a naira 400, matsakaicin yunit ya kama wajen naira 275. Yanzu, idan layi ya ba ka awa 16 ɗinka cif, naira 209.5 za ka biya, ka ci riba ke nan duk da ƙarin. Amma idan awa 10 kawai ka samu a lokacin aikinka, sauran 6 ka ƙona dizal, matsakaicin ya koma wajen naira 281. An gudu ba a tsira ba. Saboda haka ba farashin ne kaɗai abin faɗa ba, awannin da suka faɗo cikin lokacin aikinka su ne. Alkawarin awa 20 na Rukunin A bai ce maka ga lokacin da za a ɗauke awa 4 ɗin da suka rage ba. Idan tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ake ɗaukewa, an cika alkawari, kai kuma an karya maka aiki.

Lauyan Kwangila:
Kafin a yi nisa, a gyara wata fahimta. Abin da aka yi a 2013 cefanarwa ce, ba buɗe kasuwa ba. An sayar da kashi 60 na kowane kamfanin rarrabawa, amma kowanne ya ci gaba da riƙe yankinsa shi kaɗai: KEDCO na da Kano da Katsina da Jigawa, na Kaduna na da Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Farashi kuma NERC ce ke yankawa. Mai kanti ya canza, kantin dai ɗaya ne a garin.

Ƙofar gasa ta farko ga masana'antu an buɗe ta a 2017, lokacin da ministan wuta na wancan lokaci, Babatunde Fashola, ya ayyana rukunin manyan masu shan wuta da aka yarje wa su sayi wuta kai tsaye daga tashar da ke samar da ita. Sharaɗin shi ne shanka ya wuce megawat 2 a matsakaici. Ku lura, matsakaici aka ce, ba ƙololuwa ba. Megawat 2 dare da rana na wata guda yunit miliyan 1.44 ne. Kamfanin shinkafar da Akanta ya kawo misali bai kai kashi ɗaya cikin shida na wannan ba. A dokar da aka sabunta a 2024 kuma an ƙara ɗaga mizanin, mafi ƙanƙanta ya koma megawat 6. Ke nan ƙofar ta masu narka ƙarfe ce da masu siminti da manyan kamfanonin fulawa. Yawancin na Sharada da Bompai da Tokarawa ba su kusa da ita.

Hajiya Mai Roba:
Barista, na gode da wannan bayani. Amma ni abin da nake so injiniyoyi su sa a lissafi shi ne ɓarnar ɗaukewar wuta ta minti biyu, wadda ba ta fitowa a kowane bil. A kamfanin roba, injin da ke narka ƙwayar roba yana tura ta, idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, robar da ke cikin bututun za ta fara sandarewa. Idan aka jima, sai an sake ɗumama shi, a wanke shi da wani kayan, a zubar da abin da ya fara fitowa. Awa ɗaya zuwa biyu ta tafi, ma'aikata na tsaye. A mai sarrafa fata a Challawa, gangar jima ce za ta tsaya da fata cikin sinadari. A wajen rinin yadi, launi ne zai fito daban-daban a ƙwarya ɗaya.

Shi ya sa za ka ga kamfani yana kan Rukunin A, wuta na nan a layi, amma janareta yake kunnawa na tsawon aikin da ba ya son yankewa. Layin da ya ba ka awa 21 amma ya yanke sau goma sha biyar a rana ya fi wanda ya ba ka awa 16 a jere cutarwa. Tsarin rukuni-rukunin nan jimillar awa yake ƙirgawa, ba ya ƙirga sau nawa aka yanke.

Injiniyan Sharada:
Hajiya, kin taɓo inda yake ciwo. Maganinsa na cikin gida kashi biyu ne. Na farko, a raba lodin kamfani: injinan da ba sa jure yankewa a kan allo ɗaya, sauran a wani. Na biyu, a sa wa allon farko batir ko babban UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, da zai riƙe shi na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, kafin janareta ya tashi ya karɓa. Ba sai an saya wa dukkan kamfani batir ba, kuskuren da ake yawan yi ke nan sai kuɗin ya firgita mutum ya fasa.

Malamin Tattalin Arziki:
Jama'a, bari in ɗan fita da mu waje, don abin da muke ciki wasu sun riga mu shiga, kuma ba iri ɗaya ya kasance musu ba.

Ingila ta cefanar da wutarta a 1990. Tun ranar farko masu jan sama da megawat 1 suka sami 'yancin zaɓar mai sayar musu, a 1994 aka sauke zuwa kilowat 100, gidaje kuma sai ƙarshen shekarun 1990. A ko'ina haka ake farawa, da manya, domin su ke da mita mai kyau, su ke da lauya, su ke da ƙarfin ciniki. Kuma manyan sukan fara cin moriya, musamman inda akwai rarar tashoshi suna neman mai saye.

Amma ku dubi Kalifoniya a Amurka. Sun buɗe kasuwarsu a 1998, suka saki farashin sari, suka daskarar da farashin da ake sayar wa jama'a, suka sa kamfanonin rarrabawa suna sayen yawancin wutarsu a kasuwar yau-da-gobe maimakon doguwar kwangila. A 2000 ruwan madatsu ya yi ƙasa, iskar gas ta yi tsada, 'yan kasuwa irin su Enron suka yi ta murɗa kasuwar. A Afrilun 2001 babban kamfanin rarraba wuta na PG&E ya shiga kotun fatara. Abin da ya shafe mu a nan: masana'antu da dama sun sa hannu a kan rangwamen farashi bisa sharaɗin za a iya yanke musu wuta idan an shiga matsi. Shekaru ba a taɓa yanke musu ba, har suka manta da sharaɗin. Da rikici ya zo aka dinga yanke su a kai a kai, wanda ya ƙi sauke lodi kuma tara mai nauyi ta hau kansa. A arewa maso yammacin ƙasar, kamfanonin narka alminiyam suka rufe, wasunsu suka ga sayar da wutar da ke cikin kwangilarsu ya fi narka alminiyam riba, ma'aikata suka koma gida.

Sai Tekzas. A Fabrairun 2021 sanyi ya daskarar da rijiyoyin gas da tashoshi, farashin sari ya kai dala 9,000 kowane megawat na awa guda, ya zauna a nan kwanaki, alhali a ranar da ba matsala 'yan gomomin daloli ne. Kamfani mai jan megawat 10 da ya bar farashinsa yana bin kasuwa, kwana ɗaya tak dala miliyan 2.16 ke nan. Wanda ya kulle farashi tun da wuri bai ji komai ba, wanda kuma ya kulle sannan ya iya tsayar da injinansa ya mayar da wutar kasuwa, riba ya kwasa.

Abin da nake so a ɗauka: sakin kasuwa ba ya kashe haɗari, wurin zamansa yake canzawa. Da gwamnati ke ɗauke da shi ta hanyar tallafi da bashi, yanzu ya dawo kan teburin manajan kamfani.

Tsohon Ma'aikacin Layi:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma misalan nan duka na ƙasashen da waya ta wadata ne. Mu tamu matsalar tana gaba da ciniki. Ko da an ba kowane kamfani a Kano takardar izinin sayen wuta daga Kainji ko Jebba ko Shiroro ko Zungeru, ta ina za ta biyo? Ta layin TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, mai kilobolt 330 ne daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna, daga Mando zuwa Kumbotso, sannan a sauke ta zuwa 132, a kai Ɗan Agundi da Dakata, a sake saukewa zuwa 33. Kwangilarka ba ta da wayarta daban.

Kowa ya ga abin da ya faru a Oktoban 2024. An lalata layin Shiroro zuwa Mando, aka koma dogaro da wanda ya biyo ta Ugwuaji da Apir zuwa Jos, shi ma ya faɗi. Arewa ta yi sama da mako cikin duhu. Mai kwangilar kai tsaye da mai bil ɗin kamfanin rarrabawa duk tare suka zauna.

Ga kuma yawan wutar kanta. Ƙasar nan tana da tashoshin da a takarda sun kai wajen megawat 13,000, amma abin da ke hawa layi yawanci tsakanin 4,000 da 5,000 ne. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, Kano kashi 8 take samu, Kaduna kashi 8. Kashi 8 na 4,000 megawat 320 ne, na jihohi ukun da ke hannun KEDCO. Gasa tana sauke farashi ne idan masu sayarwa sun fi masu saye yawa. A kasuwar da kaya bai isa ba, gasa tsakanin masu saye take, kuma kun san inda farashi ke nufa.

Malamin Tattalin Arziki:
Baba, ban musa maka ba ko kaɗan. Sai dai ka duba ɗaya ɓangaren. Dalilin da ya sa tashoshi da yawa ke zaune da injina a kashe ba waya ce kaɗai ba, rashin biya ne. Kamfanin rarrabawa bai tara kuɗi cikakke ba, NBET, kamfanin gwamnati da ke sarar wuta daga tashoshi ya sayar wa masu rarrabawa, bai biya tasha cikakke ba, tasha ba ta biya mai iskar gas ba, mai gas ya rage bututu. Babban kamfani mai biya a kan lokaci da lamunin banki shi ne irin abokin cinikin da zai sa tasha ta gyara injin da ta ajiye. Shi ya sa NERC a Yulin 2024 ta ba da umarnin a fara komawa ciniki kai tsaye tsakanin mai samarwa da mai saye, NBET ya daina shiga sababbin kwangiloli. Ba na cewa zai gyara layin Mando, amma yana iya ƙara abin da ke hawa kansa.

Akantan Bompai:
To Barista, a ce kamfani ya kai mizanin. Me zai biya a zahiri? Don an sha jin ana cewa wutar madatsar ruwa ta fi araha nesa ba kusa ba.

Lauyan Kwangila:
Farashin bakin tasha ba shi ne farashin bakin ƙofarka ba, nan ne mutane ke ruɗuwa. A kan kuɗin wutar kanta za a ɗora kuɗin dakon layin TCN. Idan wutar za ta bi ta layin 33 na kamfanin rarrabawa, shi ma yana da nasa kuɗin dakon. Akwai kuɗin masu gudanar da kasuwa da masu kula da daidaiton layi, da kuɗin hukuma. Akwai asarar hanya: idan kwangila ta ce a bakin tasha ake auna maka, duk abin da ya zube a waya kai ka saya. Sannan akwai diyyar da doka ta yarda a ɗora wa wanda ya fice, don cike giɓin da ficewarsa ta bar wa kamfanin rarrabawa. Sai ka tara waɗannan duka kafin ka kwatanta da 209.5.

Matakan kuma ga su a taƙaice. Dole ka biya duk bashin da kamfanin rarrabawa ke bin ka, ba a fita da bashi. Ka sami tashar da ke da rarar wutar da ba ta riga ta sayar wa wani ba. Ku ƙulla yarjejeniyar saye, ka ƙulla ta amfani da layi da TCN, da ta kamfanin rarrabawa idan ta wurinsa za a bi, ka shiga rajistar kasuwa, ka sa mitar ciniki da ta tantancewa waɗanda ake karantawa daga nesa, ka kawo lamunin banki, sannan NERC ta amince.

Sharuɗɗa huɗu nake roƙon kowa ya karanta da idon basira.

Na ɗaya, sharaɗin ko ka sha ko ba ka sha ba sai ka biya. A ce ka ɗauki megawat 6, aka ce dole ka biya kashi 80. A wata mai awa 720, megawat-awa 3,456 ke nan a wuyanka. Idan kasuwa ta yi sanyi ko kayan aiki sun maƙale a tashar jirgin ruwa ka sha 2,000 kawai, za ka biya 1,456 da ba ka gani ba. Ka nemi a rubuta cewa abin da ka biya ba ka sha ba za a ajiye maka shi ka sha a watannin gaba, kuma a cire kwanakin babban gyaran shekara.

Na biyu, idan layi ne ya faɗi, wa zai ɗauki asara? Tasha za ta ce wutarta a shirye take, laifin TCN ne, ka biya. Idan ba a rubuta ƙarara cewa awannin faɗuwar layi ba sa cikin lissafi ba, za ka biya tasha kuma ka sayi dizal a rana ɗaya.

Na uku, da me aka ɗaure farashin? Iskar gas da dala ake yanka mata farashi. Wanda ya sa hannu a kwangilar da ke bin dala kafin a saki naira a Yunin 2023 ya ga yadda kuɗinsa ya ninka ba tare da an canza harafi ɗaya a takarda ba. Ka san kashi nawa ne na farashin ke bin dala, kashi nawa ke bin hauhawar farashin cikin gida, kuma duk wata nawa ake sabuntawa.

Na huɗu, ranar da tasharka ta lalace, daga ina za ka sha, a kan nawa? Kamfanin da ka bari ba dole ya karɓe ka da tsohon farashi ba.

Ɗan Kakuri:
Ni kuma ƙananan nake tausaya wa. Ku duba yadda kuɗin kamfanin rarrabawa yake shigowa: masu babbar mita ba su da yawa, amma su ne masu biya cif, kuma ba su da wahalar bi. Su ke rufe asarar layukan da ake satar wuta da unguwannin da ba mita. Idan manya biyar ko goma suka fice, wa aka bari? Mai injin niƙa, mai walda, mai ƙanƙara, mai buga ruwan leda, mai kamfanin kilowat 200. Kuɗin kula da layi bai ragu ba, masu raba shi ne suka ragu. Ko dai farashinsu ya tashi, ko gyara ya ragu, yawanci duka biyun.

Indiya ta ga wannan. Dokarsu ta 2003 ta ba masu megawat 1 izinin saye daga inda suke so, amma jihohi suka dinga ɗora musu ƙarin kuɗin tallafa wa manoma da gidaje, har a wurare da dama ribar ficewar ta narke. Ba mugunta ba ce zalla, giɓin na gaske ne. Kakuri ta riga ta ga yadda masaƙu ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma tsadar wuta da baƙin mai na cikin abin da ya kashe su tare da yadin fasa-ƙwauri. Bai kamata a gyara wa goma a ƙarasa ɗari ba.

Hajiya Mai Roba:
Ɗan'uwa, gaskiya ka faɗa. To amma ai manyan sun riga sun fice ta wata ƙofar. Kamfanin siminti na Obajana da wutarsa yake aiki. Duk wanda ya kai megawat 1 zai iya neman izinin NERC ya kafa tasharsa. Hana su saye ta layi ba ya dawo da su, sai dai ya tura su ga injinsu, layin ƙasa ya rasa ko kuɗin dakon. Mu a Arewa bambancinmu da Legas da Ogun shi ne su bututun gas na bi ta ƙofar masana'antunsu, mu kuma sai a tanka. Har sai bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano (AKK) mai kilomita 614 ya fara kawo gas Kaduna da Kano, kamfanin Arewa na shiga kasuwa ɗaya da na Kudu da nauyin da shi ba ya ɗauke da shi.

Injiniyan Sharada:
Kan maganar gas ɗin tanka, ga yadda ake lissafinsa. Injin gas mai kyau yana cin wajen MMBtu 9 (ma'aunin da ake sayar da gas da shi ke nan) kafin ya ba da yunit 1,000. Duk farashin da aka kawo maka MMBtu ɗaya na gas a ƙofa, ka ninka da 9 ka raba da 1,000, ka sami kuɗin mai na yunit ɗaya. Idan dala 10 ne, santi 9 ke nan. Amma injin gas ba dizal ba ne. Ba ya son a jibga masa babban lodi lokaci guda, motar lantarki da ke juya inji, mai kilowat 200, da aka tayar kai tsaye tana jan ninki 6 zuwa 7 na wutarta, tana iya durƙusar da shi. Sai an sa mata abin tayarwa a hankali. Kuma ba ya son aiki ƙasa da rabin ƙarfinsa. Ga ajiyar gas: idan tanka ta makara a hanya kwana biyu, me za ka ƙona? Kada a sayar da janaretan dizal.

Sola kuma a Kano kilowat ɗaya na faranti yana ba da wajen yunit 4.5 a rana idan an bi shekara, matuƙar ana wanke ƙurar hunturu. Ga mai aikin rana, ita ce wuta mafi araha yanzu. Sharaɗi biyu: idan tana aiki tare da janareta, a bar wa janaretan aƙalla kashi 30 na lodinsa, in ba haka ba zai dinga tara ɗanyen mai a salansa, kuma a sa na'urar da ke hana wuta komawa cikinsa.

Lauyan Kwangila:
Akwai ƙofa ta uku da ba mu taɓa ba, kuma ina ganin ita ce ta matsakaitan kamfanoni. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin 2023 sun ba jihohi ikon kafa hukumarsu da kasuwarsu. Inugu da Ondo da Ekiti ne suka fara karɓa a Afrilun 2024, daga baya Kogi da Neja da Filato da wasu suka bi. Jiha na iya ba da lasisin tasha da layin rarrabawa na rukunin masana'antu guda. Misalin da ke ƙasa shi ne Aba, inda kamfanin Geometric ya gina tashar gas da layinsa a keɓaɓɓen yanki, aka ƙaddamar a Fabrairun 2024. A Kano akwai sola mai megawat 10 a Kumbotso da aka ƙaddamar a Janairun 2023, ga madatsar Tiga. Kamfani talatin masu kilowat 300 kowanne, in suka haɗu megawat 9 ne, abin da zai sa mai zuba jari ya saurare su.

Sai dai a kula da abu biyu. Wutar da ta tsallako daga wata jiha har yanzu a hannun NERC take. Kuma hukumar jiha ba ta iya sauke farashin abin da ba ita ke samarwa ba: da hukumar Inugu ta mayar da Rukunin A naira 160 a Agustan 2025, nan take rigima ta tashi kan wa zai biya bambancin kuɗin wutar da ake jawowa daga layin ƙasa.

Akantan Bompai:
To wanda bai kai ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, gobe da safe me zai yi? Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa, MAN, ta je kotu kan ƙarin 2024, kotun tarayya a Legas ta yi watsi da ƙarar a Oktoban shekarar.

Tsohon Ma'aikacin Layi:
Ya fara da mitarsa. Babbar mita ba ta auna wutar kai tsaye, ta cikin ƙananan taransifomomin awo take gani, sai a ninka abin da ta nuna. Idan na jikin layi 200/5 ne, ninkin 40 ne. Idan an canza su zuwa 100/5 ba a gyara a ofis ba, ana ninka maka da 40 maimakon 20, kana biyan ninki biyu. Ka buɗe idonka ka karanta lambar da ke jikinsu tare da ma'aikacin kamfani, ka kwatanta da ta kan bil. Ka duba kuma ta wane gefen taransifomarka aka sa mitar. Idan ta gefen babban layi ne, wutar da taransifoma ke ci tana zaune ba lodi kai ke biya, dare da rana. Mai taransifoma biyu da aikinsa ya ragu, gara ya kashe ɗaya.

Na biyu, ya sa na'urar da ke rubuta lokacin zuwan wuta da ɗaukewarta da ƙarfinta, minti-minti. Umarnin NERC ya ce layin Rukunin A da ya kasa cika awanninsa kwana bakwai a jere a sauke shi zuwa rukunin da ya dace. Amma ba a karɓar "wallahi ba ma samu", takarda ake karɓa. Ƙorafi kuma a rubuce, a sashen ƙorafin kamfanin tukuna, in ba a warware ba a kai ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke jihar.

Injiniyan Sharada:
In ƙara a kan na Baba, a auna ingancin jan wuta, abin da muke kira fawa fakta. Kamfani mai jan kilowat 800 a kan 0.75 yana ɗora wa taransifoma nauyin kVA 1,067 (ma'aunin ƙarfin taransifoma ke nan), ya wuce ƙarfin mai 1,000, ga zafi ga faɗuwar ƙarfin wuta a ƙarshen kebur. Idan aka ɗaga zuwa 0.95 zai sauko 842. Kafasita, wato na'urar da ke gyara fawa fakta, mai ƙarfin wajen kVAr 440 ake bukata, mai hawa-hawa da ke shiga da fita da kanta. Idan akwai injina masu na'urar sauya gudu da yawa, dole a haɗa kafasitar da riyakta, wato naɗin wayar da ke kare ta, yawanci mai kashi 7, in ba haka ba za ta dinga kumbura tana fashewa. Kuma a tsara ta yadda za ta fita idan an koma kan janareta da ƙaramin lodi, don tana rikita masa mai daidaita ƙarfin wuta.

Hajiya Mai Roba:
Injiniya, ita na'urar rubuta awannin da Baba ya ambata, a ina ya fi dacewa a ɗaura ta, kafin canjin layi da janareta ko bayansa?

Injiniyan Sharada:
Kafinsa, Hajiya, ta gefen da wutar layi ke shigowa, kusa da mitar kamfani. Idan aka sa ta bayan canji za ta haɗa awannin janareta da na layi, hujjar ta lalace. A ba ta ɗan batirinta don agogonta kada ya tsaya idan an ɗauke, a saita ta tana rubuta layi ukun duka, domin sau da yawa layi ɗaya ne ke faɗuwa ko ya yi ƙasa, mita na ganin akwai wuta, motocin injina kuma ba za su iya tashi a kai ba. A bar ta ta yi kwana 30 cur kafin a rubuta takardar farko.